Ragon da Gwaggo Ta Kiwata Don Sunan 'Yata

Gwaggo, Allah Ya jiƙanta, yayar mahaifina ce, ciki ɗaya, kuma ita ce babbarsu. Na buɗe ido na same ta a gidanmu na Bodinga, a ɗakin da ke jikin turken dabbobi, don tun da mijinta ya rasu ta dawo gida ba ta sake aure ba. 'Ya'yan da ta haifa ba su rayu ba. Mu ne 'ya'yanta, mu da tumakinta, kuma har ta koma ga Allah ban iya tantance wanda ya fi wani daraja a wurinta ba. Sunan kakanmu aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kama sunana da bakinta ba. “Babana” take ce mini, ko da faɗa za ta yi mini, kuma faɗan ya fi yawa.

Ba mace ce mai hayaniya ba. Abin da ya sa ba a iya mata shi ne, in ta ce ga yadda za a yi, sai ta ci gaba da aikin gabanta kamar an riga an gama magana. Kai ne za ka tsaya kana jero hujja, ita tana tsince wake tana gyaɗa kai. In ka gaji ta ce, “To,” sannan a yi yadda ta ce tun farko. Mahaifina da furfurarsa, da mutanen da ke durƙusa masa a zaure, ban taɓa ganin ya ja da ita ya yi nasara ba.

Matata 'yar Shagari ce. Mahaifinta malamin allo ne a can, mutum mai sanyin magana wanda kowa ke jin nauyinsa. Da cikinta na fari ya tsufa, aka zo aka tafi da ita gidan iyayenta don ta haihu a can, kamar yadda aka saba. Amma tun kafin wani ya faɗa wa Gwaggo akwai cikin, ta riga ta ware wani ɗan rago fari mai baƙin wuya daga cikin tumakinta, ta ɗaure shi a bakin ƙofarta, ta ce na suna ne. Ban ga dabbar da aka kiwata kamar wannan ba. Dusa da kanwa da safe, harawa da rana, ƙasari in an wanke gero, har ragowar furarta shi take juye wa. Ya zama ƙato, ya yi wuya, ya kuma lalace da rashin kunya. Ban da Gwaggo ba wanda yake raga wa. In zan shiga gaishe ta sai na bi ta jikin katanga a karkace, ina kallonsa yana kallona.

Aka haihu lafiya, mace. Ana gobe suna mahaifina da ƙannensa suka shirya za su wuce Shagari su kwana, da goro da dabino da sauran kaya. Aka ce a fito da rago a sa a mota. Gwaggo ta ce ba za a fito da shi ba.

“Ba shi kwana gidan da bai sani ba,” in ji ta. “Ba shi cin abincin kowa. Ku kai shi shi kwana da yunwa shi rame, a ce shi na ragon da munka kawo?”

Mahaifina ya ce, “Yaya, dare guda na fa.”

“Ni za ni kai shi da kaina gobe da sahe. Babana shi kai mu.”

Mahaifina ya juyo ya dube ni, irin kallon wanda ya samu inda zai sauke kaya. Suka shiga mota suka tafi.

Na je na ari motar wani abokina da muke koyarwa tare a firamare. Ƙaramar mota ce, tsohuwa, amma yana ji da ita, kuma bai daɗe da sa mata sabbin rigunan kujera masu ruwan toka ba. Da zai miƙo mini makulli sai da ya roƙe ni kada a sa mata kaya mai ƙazanta a ciki. Na ce tsohuwa ɗaya kawai zan ɗauka, rago kuma a but ɗin bayan mota za a sa shi. Ni ma a lokacin haka na ɗauka.

Daga Bodinga zuwa Shagari ba wata tafiya ba ce. Kwalta ce miƙaƙƙiya, kafin ka gama jin labarai a rediyo ka isa. Raɗin suna kuwa da sassafe ake yi, rana na ɗagowa, don mutane su kama harkokinsu. Na ce wa Gwaggo muna idar da sallar asuba za mu tashi. Ta ce, “To.”

Na dawo daga masallaci cikin farar shaddar da na ɗinka don ranar, na tarar da ita a tsakar gida da bokiti da soso da sabulu, tana yi wa rago wanka.

“Gwaggo, wanka kuma? Yanzu?”

“Haka za mu shiga da shi gidan surukai, da dauɗa?”

“Yanka shi za a yi fa.”

“Kai da ba yanka ka za a yi ba, ba ka yi wanka ba?”

Sai da ta wanke shi tas, har cikin kunnuwa, sannan aka tsaya jiran ya bushe kada sanyi ya kama shi. Yana bushewa tana dama fura, wai ba a fita da ciki wayam. Ta sha, ta ba shi, ta miƙo mini na ce na ƙoshi. Daga nan ta shiga neman wani zanen saƙi da ta ce shi ta ɗaura ranar sunana, kuma shi za ta ɗaura yau. Ta zazzage duk abin da ke cikin akwatinta a kan gado kafin ta tuna yana ƙarƙashin katifa. Ina tsaye a bakin ƙofa ina juya makullin mota a yatsa, ina kallon hasken rana yana gangarowa a jikin katanga.

Da muka fito na buɗe but, na ɗauko igiya zan ɗaure masa ƙafafu.

“Mi za ka yi?”

“In ɗaure shi in sa shi nan.”

“Cikin akwatin ga? Ka ruhe shi? Mi yas sata?”

Na shiga yi mata bayani. Iska na shiga, kowa haka yake yi, tafiyar ba nisa, kuma motar ba tawa ba ce. Tana gyaɗa kai tana buɗe ƙofar baya. Ta shiga ta zauna, ta ja igiyar wuyansa, ya haura ya bi ta kamar wanda ya saba shiga mota kullum. Ya tsaya da kofatansa a kan sabuwar rigar kujerar abokina, ƙahonsa na gogar rufi. Ta cusa wani tsohon buhu a ƙarƙashinsa, wanda bai rufe ko rabin kujerar ba, ta ce, “Mu tahi, kana ɓata muna lokaci.”

Ba mu fita daga unguwarmu ba mahaifina ya kira ni a waya ya tambaya ko mun kusa. Na ce mun taso. Ya ce, “Yanzu kunka taso?” Na ce in Allah Ya yarda yanzu zai gan mu.

Na hau kwalta ke nan na fara ba mota wuta, numfashin rago na hura mini ƙeya, sai Gwaggo ta taɓa kafaɗata.

“Babana, bi da mu Danchadi.”

Na ɗauka kunnena ne. Danchadi ba a kan hanyarmu take ba, ratse ne sosai.

“Mi za mu yi Danchadi, Gwaggo?”

“Mu ɗauko aminiyata. Ita tat tuƙa tuwon sunanka. A yi sunan ɗiyakka ba ta nan? Da wane ido za ni dube ta?”

“Kin hwaɗa mata za mu zo?”

“Sai na hwaɗa mata? Ba ta san an haihu ba?”

Na ce mutane na zaune suna jiranmu, liman na jira, ragon suna kuma ga shi a wurinmu. Ta ce, “To, tsaya in sauka ni da ragona. Dauri ma a ƙasa muke zuwa.” Ban ɗauka da gaske take ba sai da na ji ƙarar marfin ƙofa, mota na tafiya. Na taka birki, rago ya zo ya daki bayan kujerata da goshi har wuyana ya amsa. Na juya kan mota.

Aminiyar ba ta gida. Surukarta ta ce tun da safe ta tafi fadama, ana cire albasa a lambun ɗanta, ta je tsintar lawashin da za ta daka ta yi gabu na miya. Na ce alhamdu lillahi, mun zo ba mu same ta ba, mun sauke nauyi, mu wuce. Gwaggo ta ce fadamar ai ga ta nan bayan gari.

Wannan “ga ta nan” ɗin hanyar amalanke ce, rairayi zalla. Na lallaɓa mota har inda na ji tayoyi sun fara nutsewa, na tsaya. Farkon zafi ne, ko'ina ya bushe, amma fadamar kore shar, injin ban-ruwa na ta ƙara, an tara albasa tsibi-tsibi. Gwaggo ta sauka ta tafi a hankali da sandarta. Na hango su sun haɗu, sun riƙe hannun juna, suka fara gaisuwa. An gaida gida, an gaida jikoki, an tambayi ciwon gwiwa, an tambayi zafi, sannan aka shiga tambayar tumaki ɗaya bayan ɗaya.

Can Gwaggo ta ɗaga murya, “Babana, hito da shi shi sha iska, shi yi hitsari.”

Wannan kam na yarda da ita, saboda kujerar mutane. Na buɗe ƙofa na kama igiya. Bai jira na ja shi ba. Ya yi tsalle ya daki cinyata, na zauna daɓas a rairayi, igiya ta suɓuce, ya nufi wani fangalin alayyahu na lambun maƙwabta da aka gama ba ruwa yanzun nan. Na tashi na bi shi. Takun farko takalmina ɗaya ya maƙale a laka ya zauna can. In na zagayo ta nan ya bi ta can, yana tafe yana fizgar ganye yana tattake sauran. Mai lambun, wani ƙaƙƙarfan mutum da wandonsa a naɗe, ya taho a guje yana ihu, “Kai mai rago! Wane irin wulaƙanci na wanga?” Na kai hannu zan cafki igiya, santsi ya ɗebe ni, na dafa ƙasa da hannu biyu da gwiwa biyu.

Gwaggo ba ta ko ɗaga ƙafa ba. Ta ɗan yi wani sauti da harshe, ta ƙwanƙwasa sandarta a jikin ƙwaryar aminiyarta. Rago ya ɗago kai da ganye cike da baki, ya tako a natse ya je ya tsaya a gefenta.

“Wa ya ce ka bi shi?” ta ce da ni. “Tsoro kab ba shi.”

Mai lambu ya iso yana huci. Kafin ya buɗe baki Gwaggo ta ce, “Kai ɗan wane gida na?” Ya faɗa, ba don yana so ba. Ta tafa hannu. “Ashe kai na wanda anka ciro cikin randa kana rarrahe! Ina innarka? Tana nan da ciwon bayan nan?” Mutumin ya rasa inda zai sa fushinsa, ya durƙusa ya gaishe ta. Kafin mu bar wurin sai ga shi da rabin buhun albasa a kafaɗa, wai gudummawar suna, ya sa a but ɗin da aka hana ni sa rago. Ni kuwa ba wanda ya ce mini sannu. Na ciro takalmina daga laka, na dubi shaddata, daga gwiwa zuwa ƙasa ta koma kalar tukunya.

Aminiyar ta ce ba za ta shiga taro da kayan fadama ba, sai ta yi wanka ta sake zane. Muka koma cikin gari. Ina zaune a zaurensu mahaifina ya sake kira, yana magana ƙasa-ƙasa, da alama ya ɗan janye daga cikin mutane ne.

“Kuna ina? Liman ya zo tun ɗazu. An raba goro. Mutane sun hwara duban rana.”

Na ce, “Baba, ga ta, ka yi mata magana da kanka.”

Gwaggo ta karɓi wayar ta riƙe a gaban bakinta kamar za ta gutsura. “Muna bisa hanya. Kun kwana lahiya? Ina mai jego? An ba ta kunun kanwa?”

Ina jin muryar mahaifina yana cewa, “Yaya, ina kuke?”

“Na ce maka bisa hanya.” Ta miƙo mini wayata. A kan tabarma take a zaune, ta miƙe ƙafafu, an kawo mata ruwa a moɗa.

Da ƙyar muka kama hanya. Aminiyar ta zauna a gaba da ƙullin gabu a cinya, za ta kai wa mai jego. Warin gabu, warin rago, warin albasa daga baya, ga zafi ya fara. Suna ta hira ta saman kaina, ni kuwa na sa ido a kwalta ina ta taka mota. Har na fara samun natsuwa, don mun kusa, sai na ji aminiyar ta ce, “Af, kin ko ji matar wanzamin ƙauyen can ta rasu shekaranjiya?”

Gwaggo ta yi salati. Ta sake yin salati. Sannan ta taɓa kafaɗata.

“Babana, in ka kai ga tsamiyar can ka ratse.”

Na gangara gefen hanya na kashe mota, na juyo gaba ɗaya. Ban taɓa yi mata magana da irin wannan murya ba. Na ce, “Gwaggo, don girman Allah. Yau suna. Ragon suna ga shi nan cikin mota. Surukaina sun tara mutane tun asuba, Baba ya rasa inda zai sa kainai. Mu kai rago. In an ƙare, ni da kaina in maido ki ki yi gaisuwa har rana ta hwaɗi.”

Ta bar ni na kai aya. Ta ce, “Ka gama? Mu wuce ƙohwar gidansu da kwalliya za mu biki, da marece mu dawo da nama ga hannu mu ce mun zo gaisuwa? Matag ga, sadda mijina ya rasu, ba ta bar ɗakina ba har anka share makoki. Jinjira tana nan inda take, ba ta zuwa ko'ina.”

Aminiyar ta ce, “Gaskiya ta.”

Abin da ya fi ƙona mini rai da Gwaggo ke nan. Sau da yawa tana da gaskiya, amma irin gaskiyar da wani ne zai ɗauki nauyinta. Na tada mota na ratse.

Ba yadda za a yi in zauna a mota ana zaman makoki a gabana, dole na je na zauna cikin maza. Lakar jikina ta bushe tana ɓantarewa a kan tabarmar mutane. Aka yi addu'a aka shafa. Wani dattijo ya matso ya tambaye ni a hankali ko motarmu ce ta faɗa rami. Na ce a'a. Aka sake yin addu'a da wasu suka zo, aka sake da wasu suka zo bayansu, tsofaffin nan biyu ba su fito ba. Da suka fito muka koma mota, na tarar rago ya yi duk abin da nake tsoro. Ya jiƙa kujera, ya watsa kashi har cikin aljihun ƙofa, ya kuma kama kafaɗar kujerar direba ya yage rigar ya fara ciro soso.

Gwaggo ta leƙa ta ce, “Kai ma ka bar shi shi kaɗai. Kewa yaj ji.”

Ana shirin kiran azahar muka shiga Shagari. A ƙofar gidan surukina an naɗe tabarmi, ba kowa sai ƙwallayen dabino a ƙasa. A jikin bishiyar dogon yaron da ke ƙofar gidan ga rago a rataye an feɗe, mahauci na ta aikinsa. Mahaifina na zaune a kan benci da ƙannensa. Ya dubi motar, ya dubi rago ta taga, ya dube ni, bai tashi ba.

Surukina ya fito daga zaure. Na durƙusa a gabansa da shaddar nan, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya yi mana sannu da hanya, ya tambaya ko lafiya. Sannan ya ce, cikin sanyin nan nasa, sun jira har dattawa sun fara tashi, sai ya ce a kamo wanda yake kiwo don Layya a yanka, ai duk gida ɗaya ne.

Gwaggo ta fito da igiyar ragonta a hannu. Ta amsa gaisuwar Malam yadda ya kamata, sannan ta je ta tsaya a gaban naman da ke rataye, ta dube shi sama da ƙasa.

“Wanga na anka yanka ma jikata? Wanga ɗan abu?” Ta juya wurin mahaifina. “Kai kana zaune anka yi haka? Ba ka da bakin da za ka ce a jira?”

Mahaifina ya ce, “Yaya, an jira. Mi yat tsai da ku?”

Ta nuna ni da haɓa. “Babana na. Ba shi da sauri bisa mota. Kuma ya tsaya wasa da rago cikin lambun mutane. Dubi tufahinai.”

A gaban suruki nake, a durƙushe, ba wurin musu da babba ba ne. Ƙannen mahaifina suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa don dariya. Har yau a danginmu haka labarin yake: ni ne na makarar da ragon sunan 'yata. Surukata ma haka ta sani, kuma duk bayanin da na yi daga baya bai kankare shi ba.

Abin da ya faru a cikin gida matata ce ta ba ni labari, don uban 'yar fari ba ya kutsa kai cikin mata ranar suna. Ta ce Gwaggo ta shiga, aminiyarta na rangaɗa guɗa a bayanta, ta zauna a bakin gado aka ɗora mata jaririya a cinya. Ta ce, “Mi anka sa mata?” Sai surukata ta ce, “Sunanki anka maida, Gwaggo. Takwararki ta.”

Ni da mahaifina muka shirya haka, muka ɓoye mata, muna so ta ji shi da kunnenta a bakin mai shela, cikin taro. Matata ta ce Gwaggo ta sunkuya ta kama hannun jaririyar tana duba yatsun ɗaya-ɗaya, ta daɗe a haka, sannan ta ja bakin zanen saƙinta ta goge fuska. Matan ɗakin duk sun san ba ta da ɗa a raye, ba wadda ta yi motsi. Can ta ɗago, idonta ja, ta ce, “Shi na ba wanda ya hwaɗa mini? Da kun hwaɗa mini ai da na yi sammako.”

Bayan la'asar aka zo maganar rago. Mahaifina ya ce a bar wa Malam shi a madadin nasa na Layya, abin da kowa ya san shi ne daidai. Malam ya ce, “A'a, haba, a bar shi,” irin ƙin da ake yi don kara, ana jiran a sake matsawa sannan a karɓa. Gwaggo ba ta bari an sake ba.

“To, tunda Malam ya ce a bar shi. Na takwara na.” Ta ja igiya ta nufi mota.

Mahaifina ne ya shiga kasuwa daga baya ya nemo wa Malam wani kafin Salla. Ni kuwa na sake ɗaukar tsofaffi biyu da rago da ƙunshin nama, muka sake bi ta Danchadi muka sauke aminiya, aka sake yin sallama mai tsawon gaisuwar safe. Washegari na wanke motar nan har hannuna ya yi fari, na turara ta, na kai aka ɗinke kujera. Abokina bai yi mini faɗa ba. Ya buɗe ƙofa, ya shaƙa, ya dubi ɗinkin, ya karɓi makullinsa. Muna nan tare har yanzu, amma ko kekensa bai ƙara ara mini ba.

Da matata ta gama wanka ta dawo Bodinga, Gwaggo ta yi musayar ragon da wata tunkiya mai ciki a wurin wani makiyayi na Horo Birni. Ta jawo ta har gidana, ta kafa turke da hannunta a daidai inda nake ajiye babur, ta ce dukiyar takwara ce. Ba wanda ya tambaye ni ko ina son kiwo. Tunkiyar kuwa mai tagwaye ce. Duk Juma'a Gwaggo za ta zo da sandarta, ta ɗauki takwara ta goya, ta bi tumakin tana lalubar haƙarƙarinsu, ta ce ina kashe su da yunwa. In na ce albashin malami ba ya ɗaukar mutane da tumaki, sai ta ce, “To,” ta aiki matata ta auno dusa a kan sunana.

Bara waccan ta rasu, ƙarshen damina, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ranar da na yi mata ganin ƙarshe tana cikin hankalinta, na zauna a gefen gadonta na riƙe hannunta, ya zama ba nauyi kamar kara. Ta daɗe tana kallona. Na matso da kunnena, ina tsammanin wasiyya ce ko addu'a. Ta ce, “Babana, an kusa cire wake. Ka tanadi harawa tun yanzu, kada ka yi sakacin da kay yi bara.” Na ce to. Ban yi wani sakaci a baran da take faɗa ba, amma na ce to.

Tumakin suna nan, sun cinye rabin tsakar gidana. Babur a waje yake kwana a gidan maƙwabci. Zogalen da matata ta dasa sun gama da shi, na sake dasawa na kewaye da ƙaya, sun ci ƙayar sun ci zogalen. Ba ni da ikon sayar da ko ɗaya, don ba nawa ba ne, mai su kuma ta girma ta san nata, tana dawowa daga makaranta wurinsu take fara zuwa kafin ta cire hijabi. Makon jiya na wanke hulata na kife a kan turmi ta bushe, na fito na tarar da ita a bakin wata tunkiya. Na ɗaga murya na ce wallahi ranar kasuwa sai an rage su. 'Yata ta ciro hular daga bakin tunkiyar, ta karkaɗe, ta miƙo mini, ta ce dusa ta ƙare tun jiya.